Tambayar bashi da Turanci

Yau da yamma ƙanwata ta zo gidana a Kubwa, wai in yi mata tambayoyi saboda jarrabawar IELTS, wadda ake gwada iya Turancin mutum da ita, ta matso, ɓangaren magana kuma ya hana ta barci. A kashi na biyu minti ɗaya ake ba mutum ya shirya, sannan ya yi ta zuba har minti biyu. Na ce ta ba ni labarin ranar da ta ranta wa ƙawarta kuɗi. Sai ta kama karanto haddar da ta kwaso a intanet, ido a silin. Na ce, "Ke, bar wannan. Ina wadda kika ba kuɗin adashinki ta cika kuɗin haya a Nyanya?" Nan take muryarta ta canza. Turancin ya riƙa fitowa da kansa: yadda ta ba ta ba rubutu ba shaida, yadda gaisuwarsu ta koma sama-sama, yadda kunyar ta dawo kan mai bin bashin. Da kurakurai kam, amma ba ta tsaya ba sai da na ce lokaci ya cika.

Tun da ta tafi nake tunanin kuɗina da ke hannun wani abokina tun kafin azumi. Ni ko da Hausa na kasa buɗe baki in tambaye shi.