Inda na kwana da zafin da Carina E ɗina take yi

Assalamu alaikum ƴan uwa masu koyon taɓa mota da hannunsu. Wancan karon na gaya muku allurar zafi ta fara hawa a Toyota Carina E ɗin nan tawa mai inji 4A-FE, toh ga abin da na gano zuwa yanzu.

Bakanike na farko da na nuna wa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a sauke kan inji. Ban yarda ba gaskiya, don sauke kai aiki ne babba kuma kuɗi ne, sai na ce bari na fara lura da yaushe ne ma take zafin. Wannan lurar ita ta fi komai amfani. Motar da take zafi a goslo ko tana tsaye a silo amma tana hawa babban titi allura ta sauko, to iska ce ba ta ratsa lagireto, ka nemi fanka. Wadda kuma lafiya lau a cikin gari sai an miƙi hanya ko ana hawan tudu take zafi, ruwa ne ba ya zagayawa sosai, nan sai ka duba lagireto ko famfon da ke zagaya ruwa. Tawa duka biyun take yi amma na goslo ya fi tsanani, balle da azahar a zafin Afrilun nan.

Na fara da fanka. A waɗannan tsofaffin Toyota akwai wata dabara mai sauƙi, ka kunna makulli ba sai ka tada inji ba, ka zare soket ɗin suwic ɗin fanka, in moton fanka da fis da rile suna lafiya take fankar za ta tashi. Na zare, shiru. Fis garau, na canja rile da wani irinsa shi ma shiru, da na ɗan ƙwanƙwasa bayan moton da ƙotar sukundireba sai ga ta ta fara juyi a hankali har da ƙara ƙiii, ashe buroshin ciki ne suka cinye. Shi ya sa wani lokaci ta yi wani lokaci ta ƙi. Na samo moto na Beljiyam na ɗaura, zafin goslo ya tafi. Mai wayarin ya so ya haɗa min ita dairek na ce a'a, suwic ɗin na aiki, zafi na haura 90 yana tada ta da kansa, me zai sa na bar ta tana ta juyi tun asuba tana cin batir tana kashe kanta.

Sai murfin lagireto, dan Allah kar ku raina shi. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, amma murfin nan an rubuta 0.9 a kansa, wato yana riƙe firesha da zai sa ruwan ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Nawa da na juya shi robar ta tsattsage ta bushe ƙamas, sifirin ɗin ma ya saki, kenan ruwa na ta gudu cikin jarkar gefe ni kuma kullum ina ƙari ina neman inda yake yoyo. Na sa sabo.

Da na kwance gidan tamostat, abin nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, wayam, wanda ya riƙe motar kafin ni ya cire, kamar dai yadda ake yi a garejojinmu wai ƙasarmu da zafi ba ma buƙatarsa. Ni ban ga hikimar ba, injin da ba tamostat yana daɗewa bai ɗau ɗumi ba da safe balle da hunturu, yana ta shan mai, kuma ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. Na sayo mai lamba 82, wato mai fara buɗewa a digiri 82, kafin na ɗaura na jefa shi a tukunyar ruwa kan risho ina kallo, ruwa bai kai ga tafasa ba bakinsa ya fara buɗewa, na tsamo shi ya huce ya rufe ruf. Ku riƙa wannan gwajin ko da sabo ne a kwali, jabu sun yi yawa. Wajen ɗaurawa ƙaramin ƙarfen nan mai rawa a jikinsa ya kalli sama don iska ta samu hanyar fita.

Tof gasket ɗin ma ban ƙyale ba, na bincika. Da safe inji na sanyi na buɗe murfi na cika ruwa na tada, na tsaya ina kallon bakin lagireto ko kumfa za ta riƙa tasowa ba tsayawa, babu. Baƙin mai a jikin sandar awo baƙi ne yadda aka san shi, bai koma kamar shayi da madara ba, salansa ba farin hayaƙi bayan ta ɗumama, filogi huɗun duk kalarsu ɗaya ba wanda ruwa ya wanke fes. Ba wai wannan ya yanke hukunci gaba ɗaya ba ne amma ya isa na ce kar a taɓa min kan inji tukuna.

Wallahi kar wanda ya buɗe murfi inji na zafi, tururin nan yana saɓule fata, kuma kar a kwara ruwan sanyi a injin da ya tafasa, kan 4A-FE alminiyam ne zai iya lanƙwashewa, sai gasket ɗin da ake gudu ya tabbata.

Saura na doguwar hanya. Na je na dawo allura ta ɗan haura rabi, na kashe na zare makulli na shafa jikin lagireto a hankali, gefe da gefe zafi, tsakiya kuwa ɗumi-ɗumi, alamar bututun wajen sun toshe, ba mamaki ruwan rijiya da na bohol da aka daɗe ana ɗura mata ne ya tara gishiri da tsatsa. Asabar in sha Allah zan cire shi na kai wa masu wankin lagireto su buɗe su zura, in ya ruɓe na nemi wani, daga nan kulan, ruwan lagireto na musamman, zan zuba. Wanda ya taɓa sa lagireto mai layi biyu a Carina E ya gaya min ko yana zama daidai ba sai an yanka komai ba.