Ƙurar birki ta ci mini janti da riga, ashe laifina ne

Salamu alaikum ƴan uwa masu haɗe-haɗe. Jiya bayan la'asar na je Mirya na dawo, kilomita 18 tafiya 18 dawowa, ina tsayawa ƙofar gida ko makulli ban zare ba na durƙusa na shafa yatsa a jantin hagu, wato wilin da taya ke zaune a kai. Ƙurar hanya ce kawai, fara-fara. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, maƙwabcina yana kan tabarma yana kallona kamar na samu taɓi.

Kun dai san motar, mai ƙafa biyu a gaba ɗaya a baya, wadda na tara guntu-guntu na haɗa, yaran Zango suna ce mata adaidaita mai tafiya da baya. Wata biyu baƙar ƙura ta yi tana cin jantin gaba, kuma da yake ƙafafun a waje suke, ɗan murfi ne kawai a kansu, abin ba a janti yake tsayawa ba, iska na kwaso shi ta watsa a gefen jikin mota har gwiwar hannuna. Ranar wata Juma'a na sa farar shadda, kafin in kai Birni hannun rigar ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa garin gawayi. Uwargida ta wanke sau biyu, wajen ya koma ruwan tsatsa.

Tsatsar nan ce ta fara buɗe mini ido. Ƙurar hunturu ko hura ta ka yi tana tashi, wannan kuwa ƙarfe ce, garin disk ɗin birki da na filaket, abin nan da ke matse disk in ka taka birki, tana fitowa da zafi ta lafe a fenti, ruwa na taɓa ta ta yi tsatsa. Na kankaro kaɗan a takarda na kawo maganaɗisun tsohuwar sifika, sai ga ta ta miƙe tsaye kamar gashin bushiya.

To daga nan na shiga wanke-wanke, kuma ruwa a Damagaram ba sai na faɗa muku ba, duk bokitin da ka zubar a taya kuɗi ne ka ba mai garuwa. Omo da buroshi bai yi komai ba. Na kai wani wurin wanki, yaron ya ce "Alhaji bar ni da ita", ya jiƙa soda irin ta sabulu ya shafa, ni kuma ina can ina waya. Janti na alminiyom ne, soda kuwa cin alminiyom take. Kafin in juyo fuskar jantin ta yi fari-fari kamar makero, kuma ba ya fita. Ban ma iya yi masa faɗa ba, gyara ya so yi.

Sai na aika Kano aka sayo mini ruwan nan mai narkar da garin ƙarfe, ƴar kwalba rabin lita, da kuɗin mota ta tasar mini jikka 14, har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Aiki kam yana yi, kana fesawa minti biyu uku sai ka ga ruwa shuɗi-ja kamar zoɓo yana gangarowa, sai dai wari, ruɓaɓɓen ƙwai sak. Kuma a inuwa ake fesa shi, janti da sanyi, don ranarmu in ta busar da shi a jiki wani tabon ne. Janti ya yi tas. Kwana uku ya koma gidan jiya.

Har na fara cigiyar filaket na seramik, don ƙurarsu ba ta kai ta masu ƙarfe-ƙarfe yawa da baƙi ba, sai na biya wajen wani tsohon makanike da nake zuwa aron kile, wato safana, wurinsa. Ya zagaya motar sau ɗaya ya ce "yaro, filaket iri ɗaya ka sa dama da hagu?" Na ce e Baba. Ya ce "to don me hagun kaɗai ke baƙi haka?" Na yi shiru. Wata biyu ina kallon abin nan kullum, tambayar ba ta taɓa zo mini ba. Ya ce in zagaya in dawo. Da na dawo ya ɗiga ruwan buta a disk na dama, shiru, ya ɗiga a na hagu, caa. Muka ɗaga motar da kirik, wato jak, tayar dama ka juya ta sai ta yi ta yawo, ta hagu ko zagaye ɗaya ba ta cikawa. Birkin a kame yake duk tsawon lokacin nan. Dama motar na ɗan jan hagu, ni kuma na ɗora wa saitin ƙafafu, har na ɓata Lahadi guda ina auna su da igiya.

Da na kwance etiriye, wanda mutanen Kano ke ce wa kalifa, shi ne ke riƙe da filaket, filaket na waje ya cinye a karkace, sama saura kamar milimita 3, ƙasa kusan 7. Sandunan nan biyu da etiriye ke zamewa a kansu, ta ƙasa ta fito da hannu, ta sama sai da na kama ta da filaya ina murɗawa ina zufa. Kuma ni na jawo. Lokacin haɗawa giris ɗin boris na cusa musu, na ce ai giris giris ne. Ashe robar birki ba ta shiri da giris mai man fetur, kumbura take. Ƴar robar da ke kan sandar ta kumbura ta cije, ta bakin kuma ta saki, ƙurar hunturu ta samu ƙofa ta shiga ta kwaɓe da giris ɗin ya zama kamar tsohuwar daddawa. Na silikon ake sawa, ɗan mitsitsi ma ya isa.

Wani yaron garejin ya jawo tiyon iska zai hure wajen, Baba ya daka masa tsawa. Gaskiyarsa, filaket ɗin kasuwa da ba su da suna wasu na iya zuwa da asbestos, ba abin shaƙa ba ne, da jiƙaƙƙen tsumma na goge komai. Robobi sabbi, disk na bi shi da sanfefa don in kashe ƙyallin da ya yi, filaket na canza gefe biyun duka ko da yake na dama ba su cinye ba, wannan ma jikka 9. Na fita hanyar Tanut da sassafe na zaunar da su, daga 60 in taka zuwa 10 ba tare da na tsaya cak ba, kamar sau goma, sannan na yi ta tafiya a hankali har suka huce.

Wani lokaci ina jin kishin Turawan Ingila masu haɗa ƴar motar nan da ake kira Lomax a kan Citroën 2CV, su birkinsu na gaba can ciki yake jikin giya, ƙura ba ta ma ganin janti.

Yanzu saura tabon soda. Na gwada man goge ƙarfe a ɗan gefe ya ɗan yi haske amma da sauran aiki, in akwai wanda ya taɓa dawo da alminiyom da soda ta ci ya taimaka mini, kafin in haƙura in fesa musu baƙin fenti duka biyu. Birkin baya ma ban buɗe ba tukuna, na ji yana ɗan ƙara jiya wajen shigowa gari.