Murfin famfo da na'urar leza a Suame

Wata uku muka yi muna fama da murfin famfon ruwa guda ɗaya a shagonmu na zubi da ke Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, nan Kumasi. Mu narka alminiyom, mu zuba a yashi, ya huce, mu kai wa mai kaya, ramukan kusoshi su ƙi hawa kan juna. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na sassaƙa samfurin katakon da ake fitar da siffar murfin a yashi da shi, kuma na bi ƙa'ida: alminiyom kan tsuke da kusan kashi 1.3 cikin ɗari idan ya huce. Na ƙara wannan a kowane gefe daidai wa daida.

Wani abokina ɗan unguwar Aboabo, wanda ya yi karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya aro mana na'urar auna kaya da hasken leza. Sai da muka fesa wa murfin farar hoda, saboda ƙyalli yana rikita ta. Jan layin hasken ya bi jikinsa lungu-lungu, kwamfuta ta ɗora surar a kan zanen asali, ta rina ta: ja inda nama ya yi yawa, shuɗi inda ya gaza. Gefen da ke da kauri ya yi shuɗi shar, ya lotsa, siririn ɓangaren kuwa lafiya lau. Ashe ƙarfe ba ya tsukewa bai ɗaya. Wuri mai kauri shi ke daskarewa a ƙarshe, yana janyo na kusa da shi. A nan kaɗai na ƙara wa samfurin nama, ramuka suka hau.

Maigidanmu, wanda ya tsufa a bakin wuta, ya ɗauki sabon murfin ya juya shi, ya ce, "Yaro, kawo zarto." Na ce, "Baba, ai kwamfuta ta ce ya yi." Muka yanka. A tsakiyar kaurin nan ga kogo kamar cin gara, wanda leza ba za ta taɓa gani ba, don fata kawai take aunawa. Da ruwa ya matsa, da ta nan zai yi yoyo.

Ranar ya nuna mini inda zan buɗe rumbun narkakken ƙarfe a saman wurin, ya riƙa ciyar da shi har ya daskare. Zubi na gaba ma mun auna da leza, sannan muka sa masa zarto.