Milimita ɗaya a kan harshen sanda

A shagon da na koyi aikin katako, a unguwar Zengo ta birnin Damagaram, ado da zane a jikin sandar kujera ba su taɓa ba ni wahala kamar ɗan harshen nan na ƙarshen sanda ba, wanda ake fiƙewa a kan injin juya katako domin ya shiga ramin ƙafar kujera. Idan ado ya ɗan kauce, ido ne kawai zai gani, amma idan harshe ya rage da milimita ɗaya, kujerar za ta riƙa rawa komai yawan gam da aka zuba.

A makon farko na lalata sanduna huɗu na madaci, katakon da ba shi da arha a nan. Maigidana ya tsaya yana kallona, sannan ya ce: "Kai yaro, da hannu kake yanka, alhali da jiki ake yi." Ya sa na manna ƙotar ƙarfen sassaƙa a ƙuguna, na ware ƙafafu, ta yadda idan zan matsa sai jikin duka ya matsa, yatsu kuwa su tsaya a kan majingina, wato madogarar da ake ɗora ƙarfen a kanta a jikin inji, suna tsare bakin ƙarfen.

Akwai tsari da ba a tsallake shi. Ana matso da majingina kusa da katako, tazarar milimita uku zuwa biyar, a juya sandar da hannu a tabbatar ba ta taɓa ta kafin a kunna inji. Daga nan ƙarfe ya fara sauka a kan majingina, shafaffen gefen da ke bayan kaifi ya goga katakon ba tare da yanka ba, sai a ɗaga ƙota sannu a hankali har sassaƙe ya fara fita siriri. Wanda ya kai kaifi kai tsaye, katako zai cafke ƙarfen ya fizge shi, ya bar rauni a kafaɗar harshe, inda ba ya ɓoyuwa. Haka kuma siririn ƙarfen tsagawa yana maƙalewa idan aka nutsa shi a layi ɗaya, don haka nakan faɗaɗa tsagar kaɗan ya samu wurin motsi.

Wajen awo, kile ta kanikawa, wato sifana mai buɗaɗɗen baki, nake amfani da ita. Idan ramin milimita 16 ne, sai in ajiye kile lamba 16 kusa, in yanka kaɗan, in tsayar da inji, in gwada. Da zarar bakinta ya shiga da ƙyar, na daina. Takardar goge katako ba ta gyara harshe, tana cinye bakinsa ne ya zama tsini. Kafaɗar kuwa nakan ɗan zurfafa ta ta ciki, domin gefenta ya zauna daram a jikin ƙafar.

Sauran matsalar ta yanayin garinmu ce. Sandar da aka fiƙe a watan Agusta, lokacin da katako ya sha laima, tana ƙanƙancewa idan iskar hunturu ta kaɗa, kuma ba daidai take raguwa ta kowane gefe ba, sai harshen ya koma kamar ƙwai. Shi ya sa yanzu nakan fiƙe sandunan damina da ɗan kauri, in jingine su a inuwar zaure su bushe, sannan in mayar da su kan inji in cire milimitar ƙarshe ranar da zan haɗa kujerar.