Faifai a hannu, wasa a kabari: rigimar The Crew da abin dubawa kafin a biya kuɗi

Ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da The Crew, wasan tseren motocin nan da ya fito a Disamba 2014. Tun daga ranar, wanda ya sa faifan a PS4 ko Xbox One iyakarsa allon farko, sai saƙo ya fito cewa an kasa haɗuwa da uwar garke, wato waɗancan kwamfutocin kamfanin da wasan ke haɗuwa da su ta intanet. Faifan lafiyarsa lau, ko ƙarzanewa bai yi ba. A cikin wasan kuwa har da ɓangaren labari wanda mutum ke yi shi kaɗai, ba ya buƙatar abokin tsere, amma shi ma ya tafi. Ba a gama wannan jimami ba sai ga masu wasan a kwamfuta sun wayi gari cikin Afrilu an janye lasisinsu daga Ubisoft Connect, manhajar da kamfanin ke ba da wasanninsa ta cikinta, ko sauke fayilolin ba sa iya yi. Waɗanda suka saya dab da rufewar ne kawai aka buɗe wa ƙofar mayar da kuɗi.

Daga nan Ross Scott, wani mai tashar YouTube, ya kafa gangamin Stop Killing Games. Mutane da yawa sun yi wa buƙatarsa gurguwar fahimta, wasu ma da gangan. Bai ce kamfani ya ci gaba da biyan kuɗin uwar garke har abada ba. Cewa ya yi duk wasan da aka sayar wa mutum, ranar da kamfani zai janye hannu ya bar shi a yanayin da zai kunnu, ko ta hanyar sabuntawa ta ƙarshe da za ta cire buƙatar intanet, ko ta sakin manhajar da 'yan wasa za su kafa tasu uwar garken.

Kafin a yanke wa kowa hukunci sai an san me uwar garken ke yi a cikin wasa, domin ba duk "sai da intanet" ne iri ɗaya ba. A wasu wasannin aikinta na maigadi ne kurum: wasan ya tashi, ya tambaye ta ko wannan asusun ya biya, ta ce e, ya wuce. Taswira da motoci da sauti duk suna kan na'urarka. Cire irin wannan shinge ƙaramin aiki ne. A wasu kuma ita ke riƙe da littafin ajiya: kuɗinka na cikin wasa, motocin da ka buɗe, matakin da ka kai. A nan dole a sake rubuta ɓangaren ajiyar ya koma cikin na'ura, aikin da zai ci lokacin injiniyoyi amma ba gagara-badau ba ne. Sai na ukun, inda ƙwaƙwalwar wasan kanta take can wajen kamfani: motsin abokan gaba, lissafin wa ya harbi wa, rabon ganima, duk can ake yi, na'urarka zane kawai take nunawa. Wannan shi ne mai wuya na gaske, musamman in an gina shi a kan manhajojin wasu kamfanoni da aka yi haya, waɗanda mai wasan ba shi da ikon raba su ga jama'a.

Kan rufe The Crew, Ubisoft ya kafa hujja da matsalar kayan uwar garke da kuma lasisi. Maganar lasisin ba ƙarya ba ce. Motar gaske da waƙar gaske da ke cikin wasan tsere hayar su ake yi na wasu shekaru, wa'adi na cika sai a sabunta ko a daina sayarwa. Amma daina sayarwa daban, ƙwace na hannun wanda ya riga ya saya daban. Abin da ya ƙara kwance wa kamfanin zani a kasuwa shi ne wasu masoya wasan, ba albashi ba komai, sun haɗa uwar garke ta kwaikwayo mai suna The Crew Unlimited suka sake ta a 2025, wasan ya tashi a kwamfuta. Ashe duk faɗin Amurkan nan da ake tsere a cikinta tana kwance a cikin fayilolin mai saye.

Kuma akwai waɗanda suka rufe shago cikin mutunci. Da za a kashe uwar garken Gran Turismo Sport a ƙarshen Janairu 2024, Polyphony Digital ya fitar da sabuntawar da ta bar mutum ya ci gaba da wasan shi kaɗai yana ajiya a na'urarsa. Velan Studios ya saki Knockout City na kwamfuta wanda kowa zai iya kafa wa uwar garke a 2023. Shi kansa Ubisoft, da wuta ta yi wuta, ya sa wa The Crew 2 hanyar yin wasa ba intanet a 2025. To in ana iyawa a na biyu, me ya hana a na farko? A ganina amsar ba ta wuce cewa a lokacin babu wanda ya tilasta ba.

Ta fuskar doka tafiyar hawainiya ake yi. Takardar koken da masu gangamin suka buɗe a Tarayyar Turai tana buƙatar sa hannun mutum miliyan ɗaya, tare da cika ƙa'idar adadi a ƙasashe bakwai. Ta yi ta jan ƙafa har tsakiyar 2025, sannan ta yunƙura, aka rufe ta ranar 31 ga Yuli da sa hannu sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Sai dai cika adadin ba ya zama doka. Abin da yake jawowa shi ne dole Hukumar Tarayyar ta saurara ta ba da amsa. Ƙungiyar masu buga wasanni ta Video Games Europe ta fito ta ce tsarin zai sa tsadar ƙirƙira ta yi yawa, kuma uwar garken da ba ta hannun kamfani ba za ta kare bayanan mutane ba. Gwamnatin Birtaniya ta ce ba ta da shirin sauya dokar masu saye. Jihar Kalifoniya ce ta yi wani abu a aikace da dokar AB 2426, wadda ta fara aiki a Janairu 2025: ba a yarda shago ya rubuta "saya" a kan kayan da ake saukewa ba sai ya bayyana cewa lasisi ne. Shi ya sa tun Oktoba 2024 Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, ke nuna wannan gargaɗi a kwandon biya. Wato ba a hana ƙwace ba, an dai ce a riƙa faɗa maka tun farko.

Mai saye a Najeriya ko Nijar yana da ƙarin wata damuwar. A Mayu 2024 Sony ya ce dole masu Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa asusun PSN, wato dandalin intanet na PlayStation, alhali PSN ba ya aiki a hukumance a yawancin ƙasashen Afirka, har da namu. Aka cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170. Cikin 'yan kwanaki Sony ya janye sharaɗin saboda ruwan suka da ya sha, amma abin ya nuna yadda igiyar take. Yawancin masu PlayStation a nan da adireshin Amurka ko Ingila suka buɗe asusu, kuma ƙasar asusu ba ta canzuwa bayan an buɗe. Nan ake yawan yin asara: faifan Turai, asusun Amurka, sai mutum ya sayi ƙarin abun ciki ya ƙi hawa, domin ƙarin sai ya dace da yankin faifan. Ka duba lambar CUSA ko PPSA da ke gefen kwalin da tambarin shekaru: PEGI na Turai ne, ESRB na Amurka.

Sauran dubawar ba ta cin minti biyar. Juya bayan kwalin ka karanta ƙananan rubutun. In an ce ana buƙatar intanet don yin wasan gaba ɗaya, ba don wasa da wasu kawai ba, to haya ka ɗauka, ranar tashi kuma mai gida ne ya san ta. In an ce sai an sauke ƙari, tambayi nawa ne, don faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai kai megabait 100 ba, sauran gigabait sama da 100 kuwa daga datarka za su fito. A Switch 2, wanda ya fito ranar 5 ga Yuni 2025, akwai katin da ake kira Game-Key Card, da farin layi a ƙasan kwalinsa: babu wasa a ciki, makulli ne na saukewa. Ana iya sayar da shi ko ba da aro, wannan kam ya fi lambar da ake shigarwa sau ɗaya, amma ranar da shagon Nintendo ya daina ba da fayil ɗin, roba ce kawai. In na hannu za ka saya a kasuwa, sa mai shago ya cire intanet daga na'urar, ya saka faifan, a ga ya shiga har cikin wasa, ba allon farko kaɗai ba. Shafin DoesItPlay ma wannan gwajin yake yi wa faifai ɗaya bayan ɗaya.

A PS5, shiga saitin masu amfani da asusu ka kunna Console Sharing and Offline Play tun kana da intanet. In ba haka ba, ranar da layi ya ɗauke sai ka ga kwaɗo a kan wasannin da ka saya da kuɗinka. Na'ura ɗaya kawai asusu ke iya yi wa haka a lokaci guda, shi ya sa masu sayen wasa a asusun haɗaka ke tashi su ga an rufe su: wani can ya kunna a tasa. Samfurin PS5 mai gidan faifan da ake iya cirewa shi ma sai ya ga intanet sau ɗaya kafin gidan faifan ya fara aiki. A kwamfuta, shafin kowane wasa a Steam yana nuna ko akwai Denuvo, manhajar hana kwafi da ke tantance wasa ta intanet, ko buƙatar asusun wani kamfani, kuma ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar wasan da ka yi bai kai awa 2 ba, don haka a cikin awa biyun nan za ka yi gwajin cire intanet. Shagon GOG kuwa yana ba da fayil ɗin girkawa cikakke wanda ba ya tambayar kowa izini. Sauke shi, ka kwafa a rumbun ajiya na waje, in da hali biyu.