Asabar: fanel ya kawo wuta, sai kuma maganar Yaya

Da murnata na tashi yau wallahi, don daren jiya na ƙarasa haɗa wayoyin fanel ɗin, wato allon agogunan jirgi na na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama da nake haɗawa a gida, saura kawai in jona in gani. Ina idar da asuba ban koma ba, na shige ɗakin, na kunna kwamfuta na ajiye ɗan ƙaramin jirgina Cessna 172 na cikin kwamfuta a filin jirgin Malam Aminu Kano, kan titi na 06, sai ga agogunan nan shida sun haska ta bayan filawud ɗin da na huhhuda musu, kowanne ya zauna cif a raminsa. Tsohuwar sikirin ce fa kawai na manna a baya, amma in ka kashe fitilar ɗaki sai ka rantse na gaske ne. Wata bakwai ina jiran ganin wannan.

Abu ɗaya ne ya ƙi, ɗan murɗin da ake saita ma'aunin tsayi da shi yana tafiya a baibai, in na murɗa dama sai lamba ta ragu. Ashe ƙafafunsa biyu na musanya a jikin Arduino Mega, ɗan allon lantarkin da ke haɗa maɓallan da kwamfuta. Ban ma ɗauko dalma ba, a cikin MobiFlight, manhajar da ake saita maɓallan da ita, na juya su ya dawo hanya, na saita allura ta tsaya wajen ƙafa 1,560, tsayin Kano ke nan daga teku. Makullin magneto, mai ba injin tartsatsin wuta, ma ya yi, na kai injin juyi 1,800 a minti na murɗa R na dawo na murɗa L, allurar tana ɗan yin ƙasa kamar yadda ake so. Wajen goma aka ɗauke wuta, inbata ta riƙe.

Fedar da ake karkata jirgi da ita da ƙafa dai har yanzu. Ta hagu tana maƙalewa, sifirin ɗin jak ɗin babur da na sa mata ya yi ƙarfi.

Bayan azahar sai ga Yaya shi da ɗansa Abba, sun je gaida Hajiya suka biyo. Gaskiya ban so ya shiga ɗakin ba, kun san Yaya, amma maman yara ta riga ta ce musu ai yana can cikin jirginsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin komai da kallo, kujerar motar da na sayo a Ƙofar Ruwa, katakon Na'ibawa da ko fenti ban yi masa ba, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da taliya. Ya ce, "Malam, nawa ka zuba a nan?" Na ce Yaya a hankali ake yi ai, yau kaɗan gobe kaɗan. Bai ƙara ba, ya jawo kujerar roba ya zauna a bayanmu.

Abba kuwa tuni ya ɗare. Ƙafarsa ba ta kai feda ba sai da na cusa masa filo biyu a baya. Na ce ya tura totur har ƙarshe, in allurar gudu ta taɓa 55 ya jawo sitiyari a hankali, a hankali fa. Ina, fizga ya yi kamar mai jan guga, hancin jirgi ya miƙe sama, ƙahon gargaɗi ya fara kuka, muka faɗo gefen titi. Karo na biyu na ɗora hannuna a kan nasa muka tashi lafiya lau, yaron nan ya ƙwala ihu "Baffa mun tashi! Baba ka ga mun tashi!" har maman yara ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Muka karkata kan gari, da yake hoton tauraron ɗan adam aka shimfiɗa a ƙasa tituna suna nan inda suke, na nuna masa titin Zariya yana ta neman gidansu. Duk wannan Yaya bai ce uffan ba. Sau ɗaya na waiwaya na ga ba sikirin yake kallo ba, ni yake kallo.

Da na raka su mota ya tura Abba ciki ya rufe, ya tsaya yana juya makulli a hannu. Sai ya ce, "Ka tuna lokacin da ka kawo takardar makarantar jirgi ta Zariya?" Na ce na tuna Yaya. Ya ce Baba har ya samu mai sayen gonar fadama, an yi ciniki, saura a kira shaidu. "Ni na hana shi. Na ce masa ga 'yan mata huɗu ba a aurar ba, gonar nan ita ce abincin gidan, in aka sayar aka zuba a karatun mutum ɗaya ya zo bai ƙarasa ba fa? Kwana uku ina bin sa har ya fasa." Ya yi shiru ya ce yau da ya gan ni a kujerar nan, sai kuma bai ƙarasa ba. Na ce haba Yaya, ai ya wuce, haka Allah ya rubuta. Ya ce ka yafe mini dai. Na ce babu komai wallahi. Ya ja mota.

Tun lokacin ban sake zama daidai ba.

Ba haushin Yaya nake ji ba, na yi ta lalube a raina ban samu ba. Gonar nan da ita aka yi wa su Anti kayan ɗaki, har bana daga cikinta aka kawo mana buhun shinkafa, kuma a lokacin shi ma bai kai shekarun da nake da su yanzu ba, kuma nauyin gida duk a kansa. Baba ne ya tsaya mini a rai. Shekara 19 ina ɗauka shi ne bai so ba. Ranar ya kira ni zaure ya ce in haƙura, abin ya fi ƙarfinmu, in nemi wani karatun, kuma bai ɗago ya kalle ni ba, ni kuma na fassara rashin kallon da cewa bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Ban taɓa yi masa musu ba, ban taɓa ɗaga murya ba, amma na ja baya, Allah ya sani na ja baya, hirar dare da muke yi kan tabarma yana jin rediyo na daina zama, gaisuwa kawai in tashi. Har ya rasu a haka muke. Kuma ko sau ɗaya bai ce mini yayanka ne ba, ya bar abin a kansa don kada mu samu saɓani.

Tuwon dare ban iya ci ba. Maman yara ta tambaya na ce gajiya ce.

Bayan isha'i na koma ɗakin na kashe fitila, na tashi daga Kano na nufi Zariya, tafiyar kamar minti 40 ce a wannan ɗan jirgin. Na sha sauka a filin makarantar nan ba adadi, tun 1964 aka kafa ta don koyar da matuƙa, ina jin na san titin fiye da layin gidanmu. Yau sai da na zagaya sau biyu kafin in iya saitawa, na sauko allurar gudu tana kan 65, fedar hagu ta maƙale na kauce daga tsakiya, na tsaya dai. Na kashe injin na zauna ina jin ƙarar fankar kwamfuta.

Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin Hajiya da sassafe kafin baƙi su cika ɗakin. Ina so ta faɗa mini abin da Baba ya ce a daren da ya fasa.