Tsamin jiki, ɗaga ƙarfe, da ciwon da ba a daure masa

Yawancin masu fara ɗaga ƙarfe a wajenmu kwana na uku ne yake korarsu. Ranar farko mutum zai zo da zafinsa, ya tuɓe riga, duk abun da ya ga ana ɗagawa sai ya taɓa, benci ne, dambel ne, sikwat ne (tsugunno da nauyi a kafaɗa), ya tafi gida yana jin shi ma fa ya shigo gari. Washegari jiki ya ɗan yi nauyi yace ba komai. Toh a kwana na ukun nan ne zai tashi sallar asuba ya ji cinyoyi sun sage, ruku'u ya zama aiki, zaman tahiya sai da dabara, saukowa daga bene sai an dafa bango, hannu ma ya ƙi miƙewa balle a saka riga. Shikenan ba za ka ƙara ganinsa ba, in kun haɗu a hanya yace maka ai abun nan naku kisan kai ne. Wallahi abun yana damuna, don a daidai inda ya tsaya ɗin nan saura ƙiris ya wuce mafi wuyar.

Wajen namu ba irin jim ɗin 'yan gayu bane mai madubi da na'urar sanyi, fili ne a bayan wani gareji aka yi masa rumfar kwano, farantan ma wasu filawil ɗin mota ne wasu kuma siminti aka zuba a gwangwanin fenti, sanda ɗaya ce tal ta gaske mai kilo 20 kuma layi ake mata. 'Yan dako na zuwa, masu wankin mota, ɗalibai, wani sa'in ɗan dambe, da irinmu masu wuni a kan kujera. Kuma a nan na gane cewa ciwon da ƙarfe ke sakawa ba iri ɗaya bane, duk wanda ya haɗa su a kwando ɗaya ko dai ya gudu tun ba a je ko'ina ba, ko kuma ya illata kansa yana ganin jarumta yake.

Na farko shine tsamin nan na bayan kwana ɗaya zuwa biyu, duk wanda ya taɓa yin huɗa a farkon damina bayan ya shafe rani bai riƙe garma ba ya san shi. Yakan fara ne kamar awa 12 zuwa 24 bayan an gama, ya kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya fara sauka da kansa. Za ka ji ana cewa wai wani asid ne ya taru a tsoka, wannan maganar ta tsufa, abun da ke taruwa lokacin da kake haki jiki yana kwashe shi cikin kamar awa ɗaya. Abun da yake faruwa shine zaren tsoka yana samun 'yan ƙananan raunuka musamman lokacin SAUKE nauyi, wato sanda tsokar take miƙewa alhali tana riƙe da kaya, sai wurin ya ɗan kumbura yayin da jiki yake gyara. Shi yasa sauka cikin tsugunno a hankali ya fi tasowa jawo tsami, kuma shi yasa saukowa daga dutse ya fi hawansa dukan cinya. Abun daɗin kuma, in ka koma ka maimaita irin wannan atisayen bayan 'yan kwanaki tsamin ba ya kai na farko ko kusa, jiki ya riga ya ɗau darasi. Maganinsa kuwa tafiya, ɗan motsi mara nauyi, ruwan ɗumi, barci. Kwanciya rub da ciki kwana uku ƙara sandarar da mutum take.

Na biyu shine wanda ake ji a cikin aikin kansa, kuma gaskiya shi na fi so in yi magana a kai don shi ne ya canza ni. Ka ɗauki sikwat mai nauyi, irin wanda ka san goma za ka iya amma da kyar. Ka shiga ƙarƙashin sandar, sanyin ƙarfen ya zauna maka a bayan wuya kan naman kafaɗa, ka taso da ita ka ja baya taku biyu. Ɗaya, biyu, uku lafiya lau har kana ganin ka rena nauyin. A na shida cinya ta fara raɗaɗi. A na bakwai numfashi ya ƙi isarka, gumi ya gangaro cikin ido kuma ba hannun gogewa, kunnuwa su toshe har ihun 'yan uwa na "taso da shi! naka ne! saura uku!" ka dinga jinsa can nesa. A nan ne wani abu a ranka zai fara kawo maka dalilai masu kyau ƙwarai, ai bakwai ma ta isa, ai jiya ba ka yi barci sosai ba, ai gobe ma rana ce. Kuma ƙafafun nan fa suna da sauran ukun nan a cikinsu, zuciya ce kawai take son a sauke.

Yanda na koyi zama a cikin wannan wurin ba ta hanyar cije baki da zare ido bane. Abu na farko na daina ƙirga goman gaba ɗaya, ɗaya kawai nake gani, wadda ke gabana, in na taso sai in sake wata ɗayar. Sai numfashi, a tsaye nake ja in cika ciki in ɗaure shi tam, in sauka in taso, sai na wuce wurin da ya fi tauri sannan in fesar. Sai fuska, in ka murtuke ta ka ɗaure wuya da haƙora ji za ka yi wahalar ta ninku, in ka sake ta sai ka ga raɗaɗin ya tsaya a cinya inda yake, bai mamaye ko'ina ba. Sannan na saba tambayar kaina a tsakiyar abun, a ina yake, wane iri ne? In amsar itace zafi ne shimfiɗe a cikin nama, dama da hagu daidai, yana ƙaruwa a hankali, toh na san shi, na san kuma ina ajiye sandar ko minti ɗaya ba zai yi ba zai lafa. Sanin cewa abu yana da ƙarshe shi ne rabin juriyar. Kuma abun ya bi ni har waje, layin asibiti, zafin rana a cikin cunkoso, yunwar la'asar a azumi, yanzu ba sa tayar min da hankali kamar da, ina jin su sarai amma bana firgita.

Na uku kuwa ba a daure masa, ko kaɗan. Suka mai tsini a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, a gwiwa ko gaban kafaɗa ko gwiwar hannu. Jin wani abu ya yi ƙas ko ya tsinke. Ciwon kwankwaso da yake harbawa ya gangara ta bayan cinya har ƙafa, ko yatsu su dinga mutuwa. Ciwon ƙirji, jiri, gani ya dishe. Wani ƙullutu ya fito a mara ko matsematsi in ka yi nishi. Duk wannan ajiyewa ake a take, ko waye yake maka ihu a ka. Jiki magayi ne ai, kuma wanda ya daɗe a harkar nan ba wanda ya fi kowa taurin kai bane, wanda ya iya bambance na biyu da na uku ne.

Shi yasa maganar ƙwaya take ƙona min rai. Ina ganin yara, wasu ko gemu basu tara ba, sai sun haɗiyi tiramadol kafin su shigo wai don kar su ji gajiya, wasu kuma daiklofenak da ibuprofen suke sha kullum kamar gyaɗa. Ƙanena, in ka kashe jin ciwon da me za ka san jijiyar kafaɗarka ta fara yagewa? Tiramadol dangin opiyom ce, tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma jawo farfaɗiya in an yi yawa, ka yi tunanin wannan ya same ka da kilo 80 a saman ƙirji. Rahoton 2018 na UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magungunan ba bisa umarnin likita ba, kuma duk wanda ke zaune a unguwanninmu ya san ba ƙarya. Su kuma masu kashe zogin nan na kemis, in aka haɗa su da rashin ruwa a jiki ƙoda suke duka, ga gyambon ciki. Akwai ma wata cuta da ke samun wanda ya yi wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta lokaci ɗaya, musamman sabon shiga ko a cikin zafi, tsokar ta farfashe abun cikinta ya zubo cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Alamarta fitsari ya koma kalar baƙin shayi, gaɓar ta kumbura sumtum, ciwon ya wuce misali. Wannan asibiti ake tafiya a ranar, ba wajen mai ɗori ba, ba kuma a jira gobe. A watan Maris da Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙarƙashin rumfar kwano, ba wasa bane. Ni da azumi sai bayan an sha ruwa an yi tarawi nake taɓa ƙarfe, shima in rage nauyi.

Wani abun da ke ingiza yaran shine bidiyon TikTok. Kowa ya ga Eddie Hall ɗan Ingila ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a Leeds a 2016, mutum na farko da ya taɓa yi, amma a kalli bidiyon har ƙarshe mana, jini ne ya ɓalle masa ta hanci kuma yana ajiyewa ya zube. Wannan mutum ne da ya shekara da shekaru yana shiri, da likitoci a gefe, don rana ɗaya. Ba haka ake atisayen ranar Talata ba. Ni wadda ta fi burge ni ma Folashade Oluwafemiayo ce, 'yar Najeriya mai lalurar ƙafa, da ta kwanta a benci a gasar nakasassu ta Paris a 2024 ta tura kilo 167 ta kafa tarihin duniya ta ɗau zinare, bayan wanda ta ci a Tokyo. Duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin kilo 100 ya san me ake nufi da 167, kuma ya san ba a kai wa nan da gaggawa.

Hatta zagaye 3 na ɗagawa 10 ɗin nan da kowa ke yi ba daga 'yan nuna ƙwanji ya fito ba. Wani likitan sojan Amurka ne, Thomas DeLorme, ya fara amfani da ƙarin nauyi kaɗan kaɗan wajen farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, ya rubuta a kai a 1945, daga baya a 1948 shi da abokin aikinsa suka daidaita shi zuwa zagaye ukun. Wato asalin abun ma na jinya ne. Kuma akwai dalilin bin sannu, a makonnin farko ƙarfin da kake ji ya ƙaru yawanci ƙwaƙwalwa ce ta koyi sarrafa tsokar, sannan tsoka tana saurin ƙarfi fiye da jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi, sai mutum ya ga yana iya ɗagawa alhali gaɓoɓinsa basu shirya ba. Yawancin ciwon gwiwar hannu da kafaɗa da nake gani daga nan yake.

Abinci ba sai na tsaya dogon bayani ba, mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 70 kenan kusan giram 110, ƙwai ɗaya yana da kamar 6. Wake, awara, gyaɗa, nono, kifi, ƙuli-ƙuli duk suna yi, ba dole sai garin furotin mai tsada da ake sayarwa a roba ba. Barcin awa 7 zuwa sama kuma ya fi duk wani abun da za a sayar maka. Mai hawan jini ya ga likita tukuna, don riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana harba jini sama sosai na ɗan lokaci.

Yanzu in sabon yaro ya zo wajenmu ni nake tare shi tun a bakin rumfa. Sandar nan mai kilo 20 zalla nake bashi, ba faranti ko ɗaya, zagaye biyu ya tafi gida ko da yana ƙunƙuni wai an rena shi. Kuma ina faɗa masa tun kafin ya tafi, jibi da asuba cinyarka za ta yi tsami, zaman tahiya zai maka wuya, kar ka sha komai, ka yi tafiya zuwa masallaci da ƙafa ka dawo nan da yamma mu ɗan motsa. In kuma suka ka ji a gaɓa ko fitsari ya canza kala, ka zo ka same ni mu wuce asibiti tare.